Cutar ramar barewa a Amurka: in bi su farauta, in ci naman, ko in haƙura?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Ni mazaunin birnin Madison ne a jihar Wiskonsin, ina aiki a wata masana'anta. Abokan aikina duk watan Nuwamba sukan ɗauki hutu su tafi harbin barewa, bana kuma sun matsa sai na bi su. Na yi kwas ɗin maharba da ake buƙata, lasisi kawai ya rage in yanka. To sai maiɗakina ta ga wani bidiyo a Facebook, an nuna wata barewa tana tangaɗi tana dalalar da yawu, aka ce wata cuta ce mai cin ƙwaƙwalwa. Ta ce ita dai naman nan ba zai shiga tukunyarta ba. Su kuma abokan nawa suna cewa shekara da shekaru suna ci ba abin da ya same su, kuma barewar da ba ta da lafiya da gani ake gane ta. Ni niyyata in samu naman halal da hannuna, mu yi kilishi da farfesu, in kai wa 'yan'uwa a masallaci. Wa ke da gaskiya? In an dafa shi ya dahu sosai ba shi ke nan ba? Allah ya ƙara basira.

Amsa

Wa alaikumus salam Malam, amin summa amin. Ka yanki lasisinka ka bi su, ban ga dalilin hana ka ba. Amma a kan maganar nama, uwargida ta fi abokan naka kusa da gaskiya, don abu biyun da kuka dogara da su, wato ido da wuta, babu wanda ke aiki a kan wannan cuta. Kuma inda kake zaune ɗin nan yana daga cikin wuraren da ta fi kama ƙasa a duk faɗin Amurka.

Cutar ita ce wadda za ka ga hukuma tana rubuta ta da CWD, cutar da ke ramar da dabba sannu a hankali har ta kashe ta. An fara lura da ita a 1967 a wata cibiyar bincike da ke Fort Collins a jihar Kolorado, inda bareyin da aka killace suka riƙa ramewa suna mutuwa ba a san dalili ba. Sai a 1978 wata likitar dabbobi, Elizabeth Williams, ta duba ƙwaƙwalwarsu a madubin likita ta ga ta cika da 'yan ƙananan huji, irin waɗanda aka sani a tumaki masu wata cutar ƙwaƙwalwa da ake kira sikirafi. A 1981 aka same ta a dabbar daji. Yau ta ɓulla a jihohin Amurka fiye da 30, da wasu lardunan Kanada. Ta isa Koriya ta Kudu ta hanyar dabbobin da aka sayo daga Kanada, sannan a 2016 aka gano ta a Norwe. Dangin barewa take kamawa: mai farar wutsiya irin ta wajenku, da mai manyan kunnuwa ta yammacin ƙasar, da manyan danginsu irin su elk, da barewar ƙasashen ƙanƙara. Ba ta da magani, ba ta da rigakafi, kuma duk dabbar da ta kama sai ta kashe ta, in harsashi ko mota ko kyarkeci bai riga ta ba.

Abin da ke kawo ta shi ne tushen duk wahalar. Ba bakteriya ba ce, ba bairos ba ne. Wani furotin ne da ake kira firiyon. Jikin barewa, da namu ma, yana yin wannan furotin lafiyayye. Matsalar tana farawa ne idan guda ya naɗe ba daidai ba, domin duk lafiyayyen da ya taɓa sai ya juya shi ya koma irinsa, wannan ma ya juya na gaba. Wake ɗaya ne ke ɓata gari. Haka za su yi ta taruwa, da farko a cikin kaluluwa, daga baya a lakar gadon baya da ƙwaƙwalwa. Stanley Prusiner, wanda ya fito da wannan bayani a 1982, ya sha musu kafin a yarda da shi, amma a 1997 aka ba shi kyautar Nobel a kai. Tunda abin ba rai gare shi ba, babu maganar kashe shi da tafasa. Dahuwar awa shida ba ta taɓa shi, gashi ba ya taɓa shi, shanya da yaji da gishirin kilishi ba sa taɓa shi, firiza kuwa adana shi ma take yi. Zafin da ake dafa kayan tiyata da shi a asibiti ma bai wadatar ba. In ana son a tabbatar an hallaka shi, ƙonawa ake yi a zafin da ya kai wajen digiri 1,000 a ma'aunin Celsius. Wannan ita ce amsar tambayarka ta ƙarshe: dahuwa ba ta da wani tasiri a nan.

Sai maganar ido. Barewar da uwargida ta gani a bidiyo tana cikin makonninta na ƙarshe ne. A lokacin ne haƙarƙari ke fitowa, kai ya sunkuya, kunnuwa su zube, yawu ya yi ta zuba, ta yi ta shan ruwa tana fitsari, ta daina gudun mutum. Masu neman jan hankali a intanet har suna kiran su bareyin aljanu, alhali ba sa cizon kowa, ba sa bin kowa, dabbobi ne kawai da ƙwaƙwalwarsu ta lalace. Amma kafin a kai nan, cutar takan yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu a jiki ba tare da wata alama ba. Duk tsawon wannan lokaci dabbar tana kiwo, tana gudu, tana barbara, gashinta na sheƙi, kitse ya rufe ƙodarta. Mafi yawan bareyin da gwaji ke nuna suna da cutar irin waɗannan ne, ƙosassu, waɗanda maharbi ya ɗauki hoto da su yana murmushi. Ni da aikina ke nan, in ka shimfiɗa min gawa biyu da aka harbo, ba zan iya nuna maka mai cutar ba sai an kai ɗakin gwaji. Don haka abokinka da ya ce da gani ake ganewa, wanda ya kusa mutuwa kaɗai yake ganewa.

Kuma tun kafin alamar ta fito, dabbar tana zubar da firiyon a yawu da fitsari da kashi. Yana manne wa ƙasa, musamman mai yumɓu, ya zauna shekaru. A Kolorado an zuba lafiyayyun bareyi a wani shinge da masu cutar suka bari fiye da shekara biyu, suka kamu. Ka riƙe wannan, don shi ne dalilin yawancin dokokin da za ka tarar a littafin farautar jiharku.

Yanzu ga tambayar da ta fi damun gidanka: tana kama mutum? Har yau ba a tabbatar da ko mutum ɗaya da ya kamu da ita ba, kuma ba don ba a ci naman ba. An ci, an kuma ci da yawa. A watan Maris na 2005, a wata walimar maharba a gundumar Oneida ta jihar New York, mutum fiye da 200 suka ci naman wata barewa da daga baya gwaji ya nuna tana da cutar. Masu bincike daga Jami'ar Binghamton suka bi lafiyar wasu daga cikinsu na tsawon shekaru, ba su ga wani abin da za a jingina wa naman ba. A 2024 kuma masana a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka suka zuba firiyon ɗin barewa a kan ƙwayoyin ƙwaƙwalwar mutum da aka raina a ɗakin gwaji, bai kama ba. Alamu ne na cewa akwai katanga mai ƙarfi tsakaninmu da ita.

To me ya sa ban ce ka ci kawai ba? Saboda abin da ya faru a Birtaniya. An gano cutar haukan shanu a 1986, wadda ita ma firiyon ke kawo ta. Shekara goma hukumomi suna ce wa jama'a naman shanu lafiya lau ne, har wani minista ya ba 'yarsa ƙarama naman a gaban 'yan jarida don a kwantar da hankali. A watan Maris na 1996 gwamnati ta fito ta ce akwai alaƙa tsakanin naman da wata sabuwar cutar ƙwaƙwalwa da ke kashe matasa. Mutum 178 ta kashe a ƙasar. Adadin bai kai abin da aka ji tsoro ba, amma duk wanda ta kama bai tashi ba. Irin waɗannan cututtuka sukan yi shekara goma, ashirin, ko fiye a jikin mutum kafin su bayyana, don haka "na daɗe ina ci ban ga komai ba" ba hujja ba ce mai nauyi. Ga shi kuma gwajin da aka yi a kan birai bai zo da murya ɗaya ba: wani jinsin ƙananan birai ya kamu, wani bincike a Amurka a kan biran da suka fi kusa da mutum bai ga kamuwa ba, wani kuma da aka yi a Kanada ya ba da rahoton kamuwa a 2017. Sannan firiyon ɗin ba iri ɗaya ba ne, na Norwe ya bambanta da na Amurka, kuma yana iya sauya hali idan ya ratsa wata dabbar. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1997 take cewa kada a bar dabbar da ke da kowace irin cutar firiyon ta shiga abincin mutane, ita ma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana cewa a gwada, in an samu kada a ci. A ganina haɗarin ƙarami ne ƙwarai. Amma abin da za ka yi asara in ka zubar da barewa guda ƙarami ne shi ma, kuma yara ne za su ci, waɗanda ke da shekaru masu yawa a gaba da cuta mai jinkiri za ta iya jira.

Akwai wani abu da ya shafe mu fiye da abokan aikinka. Su in sun harbi barewa, cinya da karfata da naman gadon baya suke ɗauka, sauran su watsar. Mu kuwa ba ma barin komai. Kai za a babbake a yi farfesu, a fasa ƙoƙon a kwashe ƙwaƙwalwa, a ci ido da harshe. Ƙashi za a sassara da gatari a zuba a miya, yaro ya tsotse ɓargo, babba ya zuƙe lakar da ke cikin ƙashin baya. Kayan ciki kuwa har da saifa. To waɗannan wuraren su ne matattarar firiyon: ƙwaƙwalwa, laka, ido, saifa, da kaluluwa duk inda take, musamman ta wuya da wadda ke maƙale a kitsen hanji. A kan barewar Wiskonsin, farfesun kai ya fita daga lissafi, ko da gwaji ya fito da kyau. Miyar ƙashin baya ma haka. Sai dai kada ka ɗauka cire waɗannan ya wanke dabbar da ke da cutar. Tun 2006 masu bincike a Jami'ar Kentucky suka nuna akwai firiyon a cikin tsokar barewa mai cutar, ko da bai kai na ƙwaƙwalwa yawa ba.

(Wannan dangin cuta ba na Turawa kaɗai ba ne. A 2018 aka ba da rahoton gano cutar firiyon a raƙuma a mayankar garin Ouargla da ke Aljeriya, abin da ya kamata likitocin dabbobi na ƙasashen da raƙumi ke ratsa Sahara ya shiga kasuwanninsu su sa wa ido.)

Mu dawo jiharku, don inda za ka yi harbin shi ne rabin shawarar. A watan Fabrairun 2002 aka sanar da samun cutar a bareyi uku da aka harba kusa da Mount Horeb, yamma kaɗan da Madison. Shi ne karon farko da aka gan ta a dajin da ke gabashin kogin Mississippi. Hankalin jama'a ya tashi, cinikin lasisin bindiga ya faɗi da wajen kashi 10 cikin 100 a wannan shekara. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, DNR, ta shata wani yanki ta ce za a kashe kusan duk barewar da ke ciki. Abin bai yiwu ba. Yawancin filayen gonakin mutane ne, da yawa suka hana shiga, maharba kuma suka ƙi harbin abin da ya wuce cin gidansu. A 2006 masu binciken kuɗi na majalisar jihar suka ce an kashe fiye da dala miliyan 26 ba tare da yawan bareyin yankin ya ragu ba. Akwai wata doka da ta tilasta wa maharbi ya fara harbin mace kafin a ba shi izinin namiji mai ƙaho. Tana rage garke sosai, amma maharba sun tsane ta, majalisa ta soke ta a 2011. Daga nan jihar ta koma sa ido da gwaji kawai.

Maƙwabciyarku Ilinoi ta gano cutar a wannan shekarar ta 2002, amma ta ɗauki wata hanya. Bayan an rufe kakar farauta, sai ma'aikatan gwamnati gwanayen harbi su shiga daidai wuraren da aka samu cutar su rage bareyin. Shekaru da dama adadin masu cutar ya tsaya a wajen kashi 1 cikin 100, alhali na Wiskonsin yana ta hawa. Daga baya na Ilinoi ma ya tashi, amma sun sayi lokaci mai yawa. Norwe kuwa ba ta yi wata-wata ba: ta kashe garke guda sukutum a tsaunukan Nordfjella, dabba fiye da 2,000, aka gama a 2018.

Sakamakon zaɓin Wiskonsin shi ne abin da za ka shiga cikinsa. A wasu sassan gundumomin Iowa da Richland da Sauk na jiharku, da ke ta yammacin Madison, kusan rabin manyan mazan bareyi suna ɗauke da cutar. Wani dogon bincike da DNR ta fara a 2017, inda aka ɗaura wa ɗaruruwan bareyi na'urar bin sawu a wuya, ya nuna cewa cikin mata lafiyayyu kashi 83 cikin 100 ke kai wa baɗi, masu cutar kuwa kashi 41. A maza, kashi 69 ne da kashi 17. Sun kuma lissafa cewa idan masu cutar a cikin mata suka wuce wajen kashi 29, garken zai fara raguwa. A jihar Wayomin an riga an ga haka, inda wani garke ya riƙa raguwa da kusan kashi 10 a shekara, wani kuma da kusan kashi 20. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa abokanka ita ce: a wace gunduma filin yake? In yamma da Madison ne, ka shiga da sanin cewa barewar da za ka harba tana iya fitowa da cutar. In can arewacin jihar ne, yiwuwar ta ragu ƙwarai, duk da cewa cutar tana ta matsawa. DNR tana fitar da taswira da alƙaluman kowace gunduma, ka duba na bana.

Tambaya ta biyu ita ce wace barewa za ka ɗana wa bindiga. A nan buƙatarka da ta abokanka sun rabu. Su burinsu ƙaton namiji mai rassan ƙaho da za a kafe a bangon falo, kuma da yawa sukan ƙyale ƙananan maza su wuce don su ƙara girma. To wannan ƙaton shi ne ya fi kowa yiwuwar kamuwa. Ya daɗe a duniya, ya fi yawo, a kakar barbara yana shinshinar fitsarin mata, yana lasar rassan da wasu maza suka lasa, yana karo da su. A yawancin wurare adadin masu cutar a manyan maza ya kai ninki biyu na mata. Kai da nama ya kai ka, mace ko ɗan shekara ɗaya da rabi ya fi maka: naman ya fi taushi, yiwuwar cutar ta fi ƙanƙanta. Ta fuskar lafiyar garke kuma duka biyun suna da amfani, don harbin mata yana rage cunkoso, harbin maza yana cire waɗanda suka fi yaɗawa. Al'adar barin namiji ya tsufa don ƙaho ita ce ba ta dace da yankin da cutar ta yi katutu ba, ko da yake faɗin haka a zangon maharba ba ya jawo wa mutum farin jini.

Wanda kuma ya ce gara kowa ya ajiye bindiga, bai taimaki bareyin ba. A kudancin Wiskonsin maharba ne babban abin da ke rage yawansu. In suka janye, garke ya cunkushe, cutar ta samu hanya. Kawunan da maharba ke kaiwa gwaji da su ake sanin inda ta kai. Kuɗin lasisi, da harajin da dokar tarayya ta 1937 ta ɗora a kan bindigogi da harsasai, su ne ke ɗaukar nauyin yawancin aikin kula da namun daji a jihohi.

Ranar harbin kuma, ga yadda zan so ka yi. Kakar bindiga kwana tara ce, tana farawa ranar Asabar ɗin da ke zuwa kafin bikin Godiya na Amurkawa (Thanksgiving) a watan Nuwamba. Ka sa safar hannu ta roba a aljihu, da wuƙar da ba ta kicin ba. In ka ga barewa mai alamun da na faɗa, kada ka ɗauke ta a matsayin nama, ka kira DNR ka gaya musu wurin. In za ka harba, ka nemi ƙirji, bayan karfata, kada ka nemi kai ko ƙashin baya, don harsashi yana watsa ƙwaƙwalwa da laka cikin nama. Hukuncin bisimilla a lokacin harbi da yanka in ka tarar da ita da rai, wannan malamanku na masallaci za su yi maka bayani. Abin da ya shafe ni shi ne inda wuƙar za ta bi. Abin da ake gwadawa wasu kaluluwa biyu ne da ke can cikin wuya, bayan maƙogwaro, dab da ƙarshen muƙamuƙi, kowace ba ta wuce girman ɗan yatsa ba. In ka yanka a manne da haɓa kana iya raba su biyu ko ka bar su a jikin gangar. Ka ɗan sauko da wuƙar, kuma in za ka cire kan ka bar masa wuya kamar faɗin tafin hannu. Kai ɗin za ka sa a leda, ka cike takardar da ke nuna lambar rajistar barewar da inda aka harbe ta, ka jefa a ɗaya daga cikin akwatunan karɓar samfur da ake ajiyewa a gidajen mai da shagunan maharba. A jiharku kyauta ne, sakamako kuma yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu.

Wajen fiɗa, zare naman za ka yi daga jikin ƙashi. Ban da zarto, ban da gatari, ban da tsaga ƙashin baya gida biyu yadda mahauta ke yi wa rago. Duk wata kaluluwa da ka gani a cikin kitse, launin toka-toka, mai santsi, ka yanke ka yar tare da kitsen. Ƙashi da kai da kayan ciki kada su bi ka zuwa wata gunduma a zubar a kusa da gida ko a jeji, don ta haka mutane suka kai cutar wuraren da barewa ba za ta kai ta da ƙafarta ba. Akwai manyan kwandunan shara da ake ajiyewa musamman don wannan a lokacin farauta. Jihohi da yawa, har da maƙwabciyarku Minnesota, sun hana shigo da gawar barewa sukutum daga waje. Wuƙaƙe kuma, ka fara wanke su tas har ba sauran tsoka, sannan ka jiƙa su minti biyar a ruwan bilic na wanki, kashi 40 bilic kashi 60 ruwa. An gwada wannan a 2019 an ga yana aiki a kan ƙarfe, amma ba ya ratsa guntun nama, kuma katakon yanka ba ya wankuwa, sai dai a yar.

In kuma wurin masu sarrafa nama za ka kai, ka ce a yi maka taka ita kaɗai. Da yawansu sukan haɗa naman mutane da dama su niƙa tare, ka ga gwajin barewarka bai amfane ka da komai ba. Ka kuma tambayi abin da suke ƙarawa, don naman barewa ba shi da kitse, kuma abin da aka saba zubawa a niƙaƙƙen shi ne kitsen alade.

Abin da na san zai fi yi maka wuya shi ne jira. Mutum ya dawo da nama, ga 'yan'uwa sun ji labari, hannu yana ƙaiƙayin rabo. Kada ko tsoka ɗaya ta fita, kada a ɗora ko tsire ɗaya, sai sakamako ya zo. Ka ƙulla naman a leda, ka rubuta lambar barewar a jiki, ka sa a firiza, in biyu ka harba kada ka gauraya su. Wanda ka kai wa nama a masallaci ya karɓa ne bisa amana, bai san gundumar Iowa ba balle alƙalumanta, kuma ba ka son ka bi gida-gida bayan kwana goma kana tambaya ko an riga an ci. In sakamakon ya nuna akwai cutar, naman gaba ɗaya ya tafi kwandon da aka tanada, ba a ba kare, ba a binne shi a lambu. DNR takan ba maharbi izinin harbin wata a madadin. In ya nuna ba a gano ba, ka lura da lafazin: cewa suka yi ba a gano ba, ba su ce babu ba, domin dabbar da ta kamu kwanan nan tana iya wucewa. Duk da haka, barewar da aka gwada ba a gano ba, aka zare namanta daga ƙashi, aka bar kai da laka, ni zan ci, zan kuma ba iyalina. A nan kilishinka ya halatta ta fuskar likita.

Za ka ji abokanka suna ƙorafin an hana zuba masara ko ajiye dutsen gishiri don jawo bareyi. Dokar tana da hujja: baki goma a kan tsibi ɗaya, yawu a kan yawu, ƙasar wurin kuma ta riƙe abin shekaru. Fitsarin barewa na kwalba da ake sayarwa don yaudarar maza ma ka bar shi, daga gonakin kiwon barewa yake fitowa, kuma cinikin dabbobin irin waɗannan gonaki yana cikin abin da ya yaɗa cutar tun farko.

Kada kuma ka ɗauki duk mushen barewa a matsayin wannan cuta. In a ƙarshen lokacin zafi aka tarar da gawarwaki da yawa a bakin rafi cikin 'yan kwanaki, galibi wata cuta ce ta zubar jini da wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa. Tana kisa da sauri, tana tsayawa da zarar sanyi ya kashe ƙwarin, ba ta kama mutum, garke kuma yakan farfaɗo. A arewa maso gabashin jihar Mishigan kuma akwai tarin fuka irin na shanu a jikin bareyi, wanda shi kam an tabbatar ya kama maharba ta wajen fiɗa. In ka buɗe ƙirji ka ga ƙuraje masu ruwan ɗorawa a huhu ko a jikin haƙarƙari, ka dakata ka kira hukuma.

Ko ka je ko ba ka je ba, a watan Disamba wani a wurin aiki zai miƙo maka ƙullin nama kyauta, don sayar da naman barewar daji haramun ne a dokarsu, sai dai kyauta. Bayan tambayar yadda aka kashe ta, ka tambaye shi gundumar da ya harbe ta, da ko an gwada, da ko niƙaƙƙe ne daga wurin masu sarrafawa. Sakamakon yana shigowa ne ta waya ko imel, in ya gwada zai iya nuna maka a nan take. In bai gwada ba kuma daga yammacin Madison ta fito, ka yi masa godiya ka ce gidanka sai wanda aka gwada.